Bjørn Ibsen, likitan da ya fara buɗe ɗakin reyanimasiyo

Yau tarihi zai kai mu ƙasar Danmak. A 1952 cutar shan-inna ta auka wa birnin Kopenhagen, tana shanye yara har numfashi ya gagara. A asibitin Blegdam, cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya tsaya, 27 suka rasu.

Aka kira Ibsen, likitan sa barci wanda ya yi karatu a Boston. Ya gano cewa gurɓatacciyar iska ce ke taruwa a jikinsu. Ran 27 ga Agusta ya sa aka huda maƙogwaron wata yarinya mai shekara 12, ya riƙa matsa mata iska da jakar roba. Ta rayu.

Ɗalibai wajen 1,500 suka kama wannan aiki da hannu, dare da rana, karɓa-karɓa. Mace-mace suka ragu zuwa kusan kashi 40 cikin 100.

A 1953 ya buɗe ɗaki na musamman don masu matsanancin ciwo, a 1954 ya wallafa bayanin aikinsa a Ingila, likitocin duniya suka ɗauka. In an shigar da ɗan'uwanmu reyanimasiyo a Yamai ko Damagaram, tushen abin daga can ne.