Tarihin Ɗinkin Ayoyi a Rigar Ka'aba da Shigarta Gidajen Tarihi

Idan ana maganar Kiswa, wato rigar Ka'aba, littattafan tarihi sun fi ambaton sarakunan da suka aiko da ita, ba su cika waiwayar maɗinkan da suka duƙufa a kanta ba. A ganinmu wannan giɓi ne da ya kamata masu tsara manhaja su lura da shi.

Ƙarnoni da dama daga Masar ake kawo rigar. A 1817, zamanin Muhammad Ali Basha, aka kafa mata masana'anta a unguwar Khurunfish ta birnin Alƙahira. Saɓanin da ya auku a Mina a 1926, tsakanin dakarun Ikhwan da ayarin Masar, shi ya sa Sarki Abdul'aziz ya buɗe masana'anta a Makka a 1927. Daga baya Masar ta ci gaba da aikowa har farkon shekarun 1960. A 1977 aikin ya koma sabon gida a Ummul Jud da ke Makka.

Aikin kuwa na taron dangi ne. Gwanin rubutu ke tsara ayoyin, a sauke zanen bisa baƙin siliki. Sai maɗinka su cika cikin kowane harafi da zaren auduga har ya yi tudu, sannan su lulluɓe shi da zaren azurfa, wani tsurarsa, wani mai ruwan zinare. Aya guda takan bi ta hannuwa da yawa kafin ta kammala, kuma kuskuren ɗigo ɗaya kuskure ne a nassin Alƙur'ani. Ɗalibin da ya san yadda mai zane ke zana aska takwas a babbar riga, wasu su ɗinke, ba zai sha wuyar gane wannan rabon aiki ba.

Bisa al'ada, idan an sauke tsohuwar riga akan yanka ta a raba kyauta. Ta haka sassanta suka isa fadar Topkapi a Istanbul. A 1983 Saudiyya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya labulen ƙofar Ka'aba, a 2012 kuma Gidan Tarihin Birtaniya ya nuna wasu sassa a baje kolinsa kan aikin Hajji. Alhaji a wurin ɗawafi daga ƙasa yake hango ayoyin da ke ɗamarar rigar, can sama da shi. A bayan gilashi ne mai kallo ke iya bin sawun allura harafi bayan harafi.