Shevchenko: Asali da Tarihin Sunan Zuriya a Yukren

Shevchenko sunan zuriya ne na mutanen Yukren, kuma yana sahun gaba cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar, tare da Melnyk da Kovalenko da Bondarenko. Ma'anarsa ɗan mai ɗinkin takalma, wato abin da Bahaushe zai kira ɗan baduku. Da haruffan Yukren ana rubuta shi Шевченко. Jamusawa kan rubuta Schewtschenko, Faransawa Chevtchenko, mutanen Foland kuma Szewczenko, kowa gwargwadon ƙa'idar rubutunsa. Ana ɗora nauyin murya a kan gaɓar tsakiya. A bakin ɗan Yukren harafin "v" ɗin nan yakan fito kamar "w", a bakin ɗan Rasha kuwa kamar "f".

Tushen sunan

Gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko ita ce shvets, sunan mai sana'ar takalma, wadda ta fito daga aikatau shyty, wato ɗinkawa. Idan kalmar ta shiga jimla takan sauya kama ta koma shevts-, kuma a kan wannan siga aka liƙa ɗafa-ƙeyar -enko, sai sautin "ts" ya rikiɗe ya zama "ch". Ita -enko asalinta alamar ƙanƙanta ce, ana nufin ɗa ko saurayin da bai kafa gidansa ba. Saboda haka a farkon lamari Shevchenko laƙabi ne kawai na yaron gidan mai takalma, ko yaron da ke koyon aiki a hannunsa. Sai daga baya ya zama abin gado, har jikan da bai taɓa riƙe basilla ba ya ci gaba da amsa shi.

Haka aka gina sauran 'yan'uwansa. Kovalenko ɗan maƙeri ne, Tkachenko ɗan masaƙi, Kravchenko ɗan tela, Bondarenko ɗan mai harhaɗa gangunan katako. Wasu kuma daga sunan uba suka fito, kamar Petrenko da Ivanenko. Sigar sunan ɗaya ce ga namiji da mace, saɓanin sunayen Rasha irin su Ivanov, inda mace take zama Ivanova.

Wajibi ne a lura cewa masu wannan suna ba dangin juna ba ne. A ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe hanya watanni, kuma laka ta biyo bayanta, babu ƙauyen da zai zauna ba mai ɗinka takalmin fata mai dogon wuya. A birane ma masu sana'ar suna da ƙungiyoyinsu da shugabanninsu da dokokin ɗaukar masu koyo. Kowane gari da nasa shvets, kowane shvets da 'ya'yansa, shi ya sa sunan ya tsiro a wurare barkatai ba tare da kaka ɗaya ba.

Yankin da ya fi kafuwa

Ɗafa-ƙeyar -enko ta fi ƙarfi a tsakiya da gabashin ƙasar, a gaɓoɓin kogin Dnipro: Kyiv da Cherkasy da Poltava da Chernihiv. A arewa maso yamma, musamman Volyn, -uk da -chuk suka fi tasiri, don haka ɗan mai takalma a can Shevchuk ne. Wanda ya ji sunan mutum yakan iya hasashen ɓangaren da kakanninsa suka fito, ko da yake ƙaura ta dagula wannan lissafi ƙwarai.

Babbar shaidar tarihi ita ce rajistar mayaƙan Kosak ta 1649. Bayan tawayen da Bohdan Khmelnytsky ya jagoranta a kan sarautar Foland, yarjejeniyar Zboriv ta amince da mayaƙa 40,000, aka bi su runduna runduna aka rubuta sunayensu. Fiye da rabin sunayen da ke cikin kundin da -enko suka ƙare. Amma a wancan zamani sunan bai daskare ba tukuna: uba yana iya zama Shvets, ɗansa Shevchenko, jikansa kuma a kira shi da wani laƙabi dabam. Littattafan coci na haihuwa da aure, da ƙidayar haraji ta daular Rasha, su suka tsayar da sunayen talakawa wuri ɗaya a ƙarni na 18 da na 19.

Daga nan sunan ya bi masu ƙaura. Ya isa Kuban tare da 'yan Kosak da aka mayar can daga 1792, ya bi manoma zuwa Saberiya da Kazakistan da gabashin Rasha mai nisa a ƙarshen ƙarni na 19. A wasu wuraren magatakardan Rasha sun ƙara masa harafi ɗaya ya koma Shevchenkov don ya dace da kunnensu.

Mutumin da ya ɗaga sunan

Ba don Taras Shevchenko ba, da sunan ya tsaya a matsayin ɗaya daga cikin sunayen sana'a. An haife shi ranar 9 ga Maris, 1814, a ƙauyen Moryntsi, cikin iyalin bayin gandu, wato manoman da doka ta ɗaure su ga mai ƙasa. Ya tashi maraya a Kyrylivka. Ubangidansa, Pavel Engelhardt, ya ga yaron yana da hannun zane, sai ya tafi da shi birnin Saint Petersburg ya ba da shi koyo. A can masu fasaha suka tsaya masa: Karl Bryullov ya zana hoton mawaƙi Vasily Zhukovsky, aka yi ƙuri'a a kansa, aka tara rubul 2,500 aka fanshe shi a 1838. Bayan shekara biyu ya fitar da Kobzar, kundin waƙoƙi da harshen Yukren, a lokacin da manyan daular ke ɗaukar harshen a matsayin maganar ƙauye.

A 1847 aka kama shi saboda alaƙa da wata ƙungiyar asiri a Kyiv, aka tura shi aikin soja a yankin Orenburg, Sarkin Rasha Nikolas na Ɗaya kuma ya hana shi rubutu da zane. Shekara goma ya yi a wannan hali. Ya rasu ranar 10 ga Maris, 1861, mako guda bayan an sa hannu a dokar 'yanta bayin gandu, aka mayar da gawarsa Kaniv, a kan tudun da ke kallon Dnipro.

Abin mamaki shi ne gwamnatin Sobiyet da masu kishin Yukren duk sun rungume shi, kowa da dalilinsa: waɗancan suna ganin ɗan talaka mai adawa da sarakuna, waɗannan suna ganin uban harshe da ƙasa. Wannan ne ya sa sunan ya bazu a taswira. Jami'ar Kyiv tana ɗauke da shi tun 1939, Kyrylivka ta koma Shevchenkove, birnin Aktau na Kazakistan ya amsa sunan Shevchenko daga 1964 zuwa 1991, sansanin da ya ƙare zaman horonsa a bakin tekun Kasfiya kuma har yau Fort-Shevchenko ne. Hoton Taras na kan takardar kuɗin Yukren ta hryvnia 100.

Sauran masu sunan

Arkady Shevchenko jami'in diflomasiyyar Sobiyet ne, mataimakin babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya sauya sheƙa zuwa Amurka a 1978. Valentina Shevchenko, zakarar damben UFC, an haife ta a Kirgizistan a 1988, abin da ke nuna nisan da ƙaura ta kai sunan.

A ƙasar Hausa kuwa, gidajen kallon ƙwallo ne suka shigo da sunan. Andriy Shevchenko, haifaffen 1976, ya tashi daga Dynamo Kyiv ya koma AC Milan a 1999, ya ci bugun fenariti na ƙarshe da ya ba ƙungiyar kofin zakarun Turai a kan Juventus a 2003, ya karɓi Ballon d'Or a 2004, sannan ya koma Chelsea a 2006. Ya horar da 'yan wasan ƙasarsa daga 2016 zuwa 2021, kuma a watan Janairun 2024 aka zaɓe shi shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Yukren.