Gidajen SIC da 'yan hayar Garwa da Kuseri

A Garwa, in aka ce wane yana zaune a gidajen SIC na Rumde Ajiya, an gama faɗin matsayinsa: ma'aikaci ne mai albashin wata. Wannan kamfani na gina gidajen haya ya girmi 'yancin Kamaru, domin a 1952 aka kafa shi, da kuɗin wani asusun Faransa mai ba ƙasashen da take mulka rance, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama hukumar AFD ta yau. Tun daga tushe dai da bashin waje aka aza harsashin gidan haya na gwamnati.

Rance ne mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, shi ya sa hayar ta yi arha. Sai dai a tsakiyar shekarun 1970 Faransawa suka janye hannu daga harkar gidaje. Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya cike giɓin a 1977 da hukumomi biyu: bankin Crédit Foncier mai ba da lamunin gini daga abin da ake cirewa a albashi, da MAETUR mai yanka filaye. Kowace ƙofa aka bi, takardar albashi ake fara tambaya. Mai sayar da goro da ɗan acaɓa da mahauci ba su da ita.

Sai tattalin arziki ya karye. Aka shiga shirin tsuke bakin aljihu da IMF a 1988, aka zabtare albashi a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Gini ya tsaya cik, bango ya yi ta tsagewa ba mai gyara.

Da aka dawo da zancen a 2009, alkawarin gidaje 10,000 aka yi, akasarinsu a Yawunde da Duwala. Bankin Eximbank na Sin ya ba da bashin gina gidaje a garuruwa shida, ba ko ɗaya a arewa. Abin da ya faɗo wa Garwa da Marwa da Ngaundere shi ne gida ɗari-ɗari na shirin gaggawa na 2014. Gida ɗari a garin da mutanensa suka haura dubu ɗari uku, ai ɗigon ruwa ne a rairayin Binuwai.

Bankin Duniya kuwa ya fi son zuba kuɗinsa a ƙasa. A 2017 ya amince da dala miliyan 160 don birane bakwai, har da Kuseri da Marwa da Ngaundere, amma na kwalta ne da magudanan ruwa da fitilun titi. Ba za a raina wannan ba a Kuseri, garin da kogin Lagon ke shiga ɗakunan mutane, kamar yadda ya yi a 2022 da 2024. Sai dai duk layin da kwalta ta ratsa, mai gida kan turo yaro da saƙon ƙarin haya.

A Kuseri, wanda ya daɗe yana ɗauke da nauyin 'yan haya shi ne ɗan kasuwar da ya tara ribarsa ya jera ɗakuna a tsakar gida: rufin kwano, ƙofar ƙarfe, tukunyar ruwa a gindin darbejiya, banɗaki ɗaya na kowa da kowa. A irin waɗannan ɗakuna ɗalibai da ma'aikatan da ke tsallaka gadar Ngeli zuwa Injamena kowace safiya suke kwana. Ɗakunan nan ne kuma suka haɗiye dubban mutanen da suka gudo daga yaƙin Injamena a Fabrairun 2008. Wannan mai gida bai taɓa ganin rance mai sauƙin ruwa ba, sau da yawa ma ba shi da takardar mallakar filin da banki zai karɓa jingina. Da adashe da kuɗin hayar wata shida da ya karɓa tun gaba yake sayen siminti, buhu-buhu.