Addu'ar wani ma'aikacin mishan da tarihin sassabin zamani a Maraɗi

Duk 3 ga watan Agusta muna fito da ƴan lakwal su dasa itace, wata biyu bayan nan awaki sun cinye rabi. Kullum in na ga haka sai in tuna da wani baƙo da ya sha irin wannan takaici a jihar Maraɗi shekaru arba'in da suka wuce.

Ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo Damagaram a 1924, ta buɗe likitar Galmi a 1950. Ga waɗannan Kiristoci, aikin hannu ibada ne. Suna karanta cikin Littafin Farawa cewa an sa Adamu a gonar Adnin don ya noma ta, ya kuma kiyaye ta, don haka suke buɗe aikin yini da addu'a, suna roƙon Allah ya sa albarka ga aikin da masu yin shi. Cikin wannan tarbiyya Tony Rinaudo, masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, ya iso Nijar da matarsa a farkon shekarun 1980.

Aikinsa shi ne rainon ƙananan itace da raba wa ƙauyuka. Aikin bai yi albarka ba. Rana ta ƙone wasu, gara da dabbobi suka ci wasu, iska ta binne saura. Manoma ma ba su damu ba, kuma da dalilinsu: tun dokar daji ta Faransa ta 1935 itace ya zama na hukuma, mai gona yana iya shan tara a hannun ma'aikatan gandun daji kan icen da ke cikin gonarsa. Wa zai yi rainon abin da zai jawo masa tara? Ga kuma koyarwar malaman gona na lokacin, cewa manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes.

A 1983, kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari, yana kan hanyar ƙauye da lodin dashe, ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi. Ya dubi fili ko'ina fayau, zuciyarsa ta karaya. Nan ya roƙi Allah gafara kan ɓarnar da mutane suka yi wa halittarsa, ya roƙi a buɗe masa ido ya ga abin yi. Sai hankalinsa ya kai ga wani ɗan tsiro da ya saba wucewa. Da ya duba ganyen, ya gane toho ne daga kututturen icen da aka sare, saiwarsa na raye a ƙasa. Irinsu kuwa, kalgo da sabara da sauransu, cike suke da gonaki, ana sassabe su kowace bazara ana ƙonewa.

Dabarar ba wuya. A zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, a datse saura, a kare su. Saiwar da ta riga ta yi zurfi ita ke ciyar da su, shi ya sa suke tashi da sauri fiye da dashe. Manoma kamar goma suka yarda su gwada, aka yi ta yi musu dariya.

Yunwar 1984, wadda tsofaffinmu ke kira El Buhari, ita ta faɗaɗa abin. Mishan ta raba cimaka bisa sharaɗin a bar itace a gona, aka kare kusan 500,000. Nan ne wurin da masu yabon labarin ke tsallakewa: da aka daina rabon, kusan kashi biyu cikin uku an sare su. A ganina, wanda yunwa ta sa ya ce to, bai yarda ba tukuna. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga makamashi a kusa, da harawa, da hatsin da iska ba ta binne ba, maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko tiya ɗaya ba.

Shin addu'ar ce ta mayar da daji? Rinaudo ya gaskata cewa an amsa masa, kuma ban ga dalilin yi masa gardama ba. Amma gyaran kututture ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ana ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimun ya tsananta hukunci kan saran gawo, kuma gawon da ya cika Magarya da Matamai da Mirya manoma ne suka raine shi, galibinsu Musulmi, da nasu addu'o'in na shuka. Taron ƙasa kan hamada da aka yi a Maraɗi a 1984 zamanin Seyni Kountché, da sassaucin ma'aikatan daji, da sabuwar dokar daji ta 2004, duka sun taimaka.

Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace kusan miliyan 200 a kudancin ƙasar. Rinaudo ya bar Nijar a 1999, kuma a 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da noman tassa.