Katanga Ce Kaɗai Ta Raini Kamfanonin Intanet na Ƙasar Sin?

An daɗe ana nanata wata hujja a nazarin tattalin arzikin ƙasar Sin, wai Tencent da Alibaba da takwarorinsu ba su bunƙasa ba sai don gwamnati ta toshe wa abokan gogayyarsu na Amurka hanya. Tarihin tace intanet a ƙasar sananne ne, ba sai an koma kansa ba. Inda nake ja shi ne jerin shekarun, domin a ganina bai mara wa wannan hujja baya ba.

A 2003 eBay na Amurka ya mallaki EachNet, shafin ciniki na ƙasar Sin, ya riƙe mafi yawan kasuwar saye da sayarwa ta intanet tsakanin ɗaiɗaikun mutane a ƙasar, kuma babu wanda ya toshe shi. A shekarar ce Alibaba ya buɗe Taobao, bai caji masu kasa kaya ko kwabo ba, sannan ya kawo Alipay, mai riƙe kuɗin mai saye amana har kaya su isa hannunsa. A ƙasar da katin bashi bai yaɗu ba, baƙo kuma yana ɗari-ɗari da baƙo, wannan ce matsalar da ta fi damun mutane, eBay kuwa bai ba ta muhimmanci ba. A ƙarshen 2006 ya janye. Haka WeChat na Tencent, wanda ya fito a 2011, ya riga ya mamaye wayoyin jama'a kafin a toshe WhatsApp a 2017.

Masu wancan ra'ayi za su kawo Weibo, dandali irin na Twitter, kuma nan ne hujjarsu ta fi ƙarfi. An toshe Facebook da Twitter a Yulin 2009, bayan tarzomar Urumqi, sai ga kamfanin Sina na cikin gida ya ƙaddamar da Weibo a Agusta. Da wuya a ce katari ne kawai. To amma a cikin wannan Yulin aka rufe Fanfou, wanda ɗan gida ne, kuma ya riga Weibo fara irin wannan aiki. Da kare ’yan ƙasa daga baƙi ne manufar, da Fanfou ya fi kowa cin moriya. Abin da ya fi kama hankali shi ne hukuma tana neman kamfanin da zai iya sa ido kan abin da jama'a ke faɗa, kuma Sina, da ya daɗe yana tace labarai a shafinsa, ya cika wannan sharaɗi.

Dole ke nan in taƙaita iƙirarina. A dandalin muhawarar jama'a, hannun hukuma ya yi tasiri wajen wanda ya tsira. A fagen ciniki da biyan kuɗi kuwa, shaidar da ke hannu ta fi nuna cewa gasa aka yi, baƙi suna cikin fili, aka kayar da su.