Yaɓen bazara da adon soro a Damagaram: tarihin sana'a da kalmominta

A ƙasar Hausa gidan ƙasa ba ya zama shekara da shekaru ba tare da an taɓa shi ba. Idan ɗari ya wuce, bazara ta kama, watau daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin nan ne mai gida kan duba bangonsa da rufinsa. Dalili kuwa biyu ne: rana tana da ƙarfin busar da yaɓe da sauri, kuma aikin gona bai fara ba, saboda haka ana samun hannuwa. Wanda ya yi sakaci har ruwan farko ya sauka, shi ya san abin da Hausawa ke nufi da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Damagaram wannan aiki ya bunƙasa cikin ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu cikin shekara ta 1884. Fataucin Sahara ya tara dukiya a hannun sarakuna da attajirai, su kuma suka ɗauki magina suna ƙawata musu zauruka. Faransawa sun kama garin cikin 1899, suka mai da shi babban birnin ƙasar daga 1911 har 1926, sa'ad da aka koma Yamai. Duk da haka adon fuskar gida bai tsaya ba. Har yanzu ana ganin ragowarsa a unguwannin Birni da Zango.

Kayan aikin duk daga kewayen gari suke fitowa. Ana tayar da bango da tubali, a rufa shi da azara, watau itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika ci ba. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a haɗa ta da ƙasa a shafe bango, ta ba shi launi mai duhu, ta hana ruwa shiga. Laso shi ne mafi daraja: ana ɗibar katsi daga rijiyoyin marina a ƙone, a daka, a cuɗa shi da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara, sa'an nan a shafe rufi da bakin indararo. Bayan haka magini ya tsayar da zankwaye bisa kusurwoyi, ya fitar da zane tun yaɓen yana ɗanye, kamar dagi da sauran ƙulle-ƙulle, a bi shi da farar ƙasa ko jar ƙasa ko shuni. Cikin ɗaka kuma aikin mata ne: su ke yin daɓe da madaɓi, su shafe bango, su sake jeren tasoshi da kwanoni.

Daga nan za a gane cewa yaɓen bazara ba sana'ar magini kaɗai ba ce. Marini da majemi da mai saran giginya duk suna da hannu a ciki. Shi ya sa da atamfa da rinin kanti suka rage wa marina kasuwa, katsi ya yi wuya, laso kuma ya bi shi. Cikin shekarun 1960 masana'antar siminti ta Malbaza ta soma aiki, kwanon rufi da fenti suka yawaita a kasuwa. Sabon gini ya huce wa mutane wahalar gyaran kowace shekara, amma ya kawo wata: kaurin bangon ƙasa yana tare zafin rana ya bar ɗaki da sanyi, ɗakin kwano kuwa da tsakar rana cikin Afirilu ba ya zaunuwa.

Sana'ar ba ta mutu ba. A Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu ya soma ginin masallacin Juma'a da ƙasa cikin 1962, jama'ar gari suna taya shi, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan cikin 1986. Wannan ya nuna cewa inda gwani ya samu mataimaka, ƙasa tana iya abin da siminti ke yi.

Abin da ya shafi masu nazarin harshe da ma'aikatan yaƙi da jahilci a nan shi ne kalmomi. Ƙamus na Bargery, wanda ya fito cikin 1934, ya ƙunshi da yawa daga cikinsu, amma galibin aikinsa a Najeriya aka yi shi. Yadda maginan Damagaram da Maraɗi da Tawa ke faɗinsu yana bukatar a ɗauko shi daga bakinsu. Ban da haka, waɗannan kalmomi suna da amfani wajen koyarwa, domin suna nuna aikin ɗafa-goshin ma- a fili: magini mai aiki ne, marina wurin aiki, madaɓi abin aiki. Manomin da ya yaɓe ɗakinsa da hannunsa ba ya bukatar a fassara masa su, rubutunsu kawai zai koya.

Lokacin da ya dace a tattara su kuwa shi ne bazara, sa'ad da tsofaffin magina ke bisa bango, laka a hannu, suna kiran kowane abu da sunansa.