Yadakunya: 'Yan Mishan da Jinyar Kutare a Ƙasar Hausa

Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi. Cutar kuturta ce ta buɗe musu ƙofa. A wajejen 1937 ƙungiyar SIM ta karɓi ragamar zangon kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. En'e ke tallafawa da kuɗi, mishan ta kawo likitoci, majinyata kuwa suna noma abincinsu. Bazuwar ƙwayar dafson a shekarun 1950 ta sa aka koma ba da magani a ƙauyuka. Shi kansa sunan Yadakunya, wato ya da kunya, yana nuni da irin ƙyamar da ke sa mai cutar ya ɓoye ta.